Kaset ɗin Mahaifina da Amfanin Tuna Baya

Tsohon Hedimasta, Argungu

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina roƙon ku ba ni hankalinku kan wata magana da ta hana ni sakat tun makon jiya. Ruwan sama ya shiga ɗakin ajiyarmu, muka fitar da kaya domin shanya, sai ga wani kaset a ƙasan adakar mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, an naɗe shi cikin tsohon kallabi. Matasan cikinku ba lalle su san wannan al'ada ba. A da, idan mutum yana aiki nesa da gida, iyayensa kuma ba su iya rubutun boko ba, ba su kuma son mai rubuta wasiƙa ya ji sirrin gidansu, sai a ari rikoda, a sayi batir, kowa ya zo ya faɗi saƙonsa, a ba direban da aka yarda da shi ya kai. Mahaifina ne ya aiko mini da wannan kaset lokacin da nake koyarwa a ƙasar Zuru. Na dawo da shi gida a wani hutu, na manta da shi, ashe ita ta adana.

Na kai shi wurin wani mai gyaran rediyo, ya lallaɓa ya saka mini gefe ɗaya. Da muryar mahaifina ta fito, da irin Kabancinsa da yadda yake jan sallama, sai na kasa tsayuwa, na nemi benci na zauna ina hawaye a gaban yaran shago. Tun daga ranar nake tuna abubuwan da na yi zaton sun ɓace: ƙamshin kifin da ake banda a bayan gidanmu, ƙarar gora a bakin Matan Fada, hasken a-ci-bal-bal a ɗakin kakata. Babban ɗana ya lura na rage cin abinci, sai ya ce mini cikin ladabi, wai wanda ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, in rabu da kaset ɗin kafin hawan jinina ya tashi. Tambayata ita ce, shin akwai wani amfani na gaskiya a cikin wannan bege, ko kuwa ciwo ne na tsofaffi da ya kamata a nema masa magani?

Ɗan Kasuwa, Jega

Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan magabata. Ka gaya wa ɗanka cewa mutum ba ya kewar abin da ba shi da daɗi. Muna tuna da ne domin da ta fi yanzu, kuma duk wanda ya haura shekara 50 shaida ne. Ni da kaina na sha tashi daga Jega bayan isha'i da lodin albasa, in bi ta Gummi da Anka in wayi gari a Gusau, ba abin da nake tsoro sai barci da faci. Jirgin ƙasa yana zuwa har Ƙaura Namoda, inda layin dogo ya tsaya tun 1929, ana lodin gyaɗa da auduga. Masaƙar Gusau tana aiki, idan an tashi ma'aikata sai ka ga kekuna sun cika titi. A 1980 naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja. Ana kwana a waje lokacin bazara, ƙofa a buɗe. Idan maƙwabci ya ga ɗanka yana ɓarna zai hore shi, kai kuma ka je ka yi godiya. Wace bana ce ɗanka yake so ka ji daɗinta?

Jikar Manomi, Talata Mafara

Baba Alhaji, ina neman afuwa tun kafin in fara, domin ni ƙaramar yarinya ce a gabanku, kuma ban ga zamanin da kake magana a kai ba. Sai dai na tashi a hannun kakata, kuma da ɗin da ta ba ni labari ba ita ce taka ba, alhali ƙasa ɗaya kuka zauna, a ƙarƙashin tsohuwar jihar Sakkwato kafin a fitar da Kebbi a 1991 da Zamfara a 1996.

Shekarar 1980 da ka ambata domin darajar naira, ita ce shekarar da mutanen yankinmu ba sa son a ambata. An kammala madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, manoma da dama suka rasa gonakin da suka gada, diyya ta zo a makare ko ta zo ba ta kai ba. Da suka gaji da jira suka tare hanyoyin aikin, sai aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma a watan Afrilu na 1980, aka kashe mutane, aka ƙona gidaje. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan, mutanen ƙauyukan kuwa suka ce ɗaruruwa ne. Kakata ba ta taɓa ba ni wannan labari a jere ba, sai gutsure-gutsure, kuma duk lokacin da ta kai wani wuri sai ta tashi ta ce za ta duba tukunya.

Ita ce kuma ta gaya mini cewa ta haifi 'ya'ya 9, 4 suka rayu, sauran ƙyanda da gudawa suka ɗauke su. Ta nuna mini tabon kurkunu a ƙafarta, cutar da sai a 2013 aka tabbatar Nijeriya ta rabu da ita. Ta ba ni labarin farin 1973, da yadda maza ke gudu cin rani idan lokacin haraji ya matso. Batun ƙofa a buɗe kuwa, Baba, idan da babu ɓarayi a wancan zamani, wa marigayi Gambu na Fagada, can ƙasarku ta Kebbi, ya shekara da shekaru yana yi wa kiɗa kafin ya tuba? Ba ina cewa yau ta fi ba ne, don ni ma ba na iya zuwa ƙauyenmu. Abin da nake tsoro shi ne begen da ke tace baya kamar rariya, ya riƙe gari mai laushi ya zubar da tsaki, sannan a miƙa mana garin a ce wannan ne tarihi.

Ɗan Kasuwa, Jega

Ɗiyata, kin yi magana, kuma ban musa ko ɗaya ba. Amma ɓarawon zamanin Gambu rami yake haƙawa a bango da dare ya ɗauki akuya ko tufafi, idan an farka ya ruga. Na yanzu da rana tsaka yake zuwa a kan babur, ya kwashi mutanen gari. Kada a haɗa su a ma'auni ɗaya don kawai sunansu ɗaya.

Limamin Unguwa, Gwandu

Allah ya saka wa kowa da alheri. Ina ganin an fara karkata zuwa gardamar wane zamani ya fi, alhali abin da Malam Hedimasta ya tambaya daban ne. Shi ya tambayi hukuncin abin da yake ji a zuciyarsa da kuma amfaninsa, to bari in ce wani abu ta fuskar addini.

Bege ba aibi ba ne. Bukhari ya ruwaito daga Nana A'isha cewa da Sahabbai suka yi hijira zuwa Madina, zazzaɓi ya kama Bilal, ya riƙa rera baitoci yana burin ko zai sake kwana a kwarin Makka a tsakiyar ciyayinta, ya sha ruwan Majanna, ya hango duwatsun Shama da Ɗafil. Wannan fa garin da aka azabtar da shi ne a kan rairayi mai zafi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai tsawata masa ba, sai ya roƙi Allah ya sa musu son Madina kamar yadda suke son Makka ko fiye. Ku lura da addu'ar: ba a roƙi a cire son tsohon gari ba, an roƙi a ƙara son sabon ne. Haka kuma ya kasance yana yawan ambaton Nana Khadija bayan rasuwarta, idan ya yanka akuya ya aika wa ƙawayenta da nama. Muslim kuma ya ruwaito cewa Sahabbai sukan zauna bayan sallar asuba suna tuna al'amuran jahiliyya suna dariya, shi kuma yana murmushi.

Inda aka ja mana kunne wurare biyu ne. Na farko kalmar "da na sani", wadda hadisi ya ce tana buɗe ƙofar aikin Shaiɗan. Na biyu zagin zamani, wanda aka hana kai tsaye. Saboda haka wanda ya tuna mahaifinsa ya yi masa addu'a, ya nemi abokansa da suka rage ya gaishe su, begensa ya haifi ibada. Wanda kuwa tunawar ta sa ya raina abincin da ke gabansa da 'ya'yan da ke kewaye da shi, ya shiga butulci ba tare da ya sani ba.

A nan Gwandu muna da misali a gida. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, a tsakiyar jihadi, bayan abokan karatunsa da yawa sun yi shahada, ya duba ya ga an bar shi cikin mutanen da hankalinsu ya koma ga mulki da tara dukiya. Begen mutanen farko ya kama shi har ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar zuwa Madina. Mutanen Kano suka tsayar da shi, ya karantar da su tafsiri, ya rubuta musu littafi kan yadda ake shugabanci bisa shari'a, sannan ya komo. Daga baya ya tattara waƙoƙinsa tare da labarin abin da ya sa ya yi kowace a cikin littafinsa Tazyinul Waraƙati, kuma bai ɓoye wannan ɓacin rai nasa ba. Da ya tace, kamar yadda ɗiyarmu ta Mafara take tsoro, da yau ba mu san an taɓa samun wannan rauni a cikin jama'ar ba.

Malamar Asibiti, Birnin Kebbi

Allah ya gafarta Malam, ka sauƙaƙa mini abin da zan faɗa. Baba Hedimasta ya tambaya ko ciwo ne, to abin mamaki shi ne Turawa sun daɗe suna ɗaukarsa ciwo. Wani ɗalibin likitanci mai suna Johannes Hofer ne ya ƙirƙiri kalmar nostaljiya a 1688 a birnin Basel na ƙasar Suwizalan, ya haɗa kalmomin Girkanci biyu, ɗaya komawa gida, ɗaya raɗaɗi. Ya yi amfani da ita ne ga mutanen Suwizalan da ke zaune nesa da gida, musamman sojojin haya, waɗanda begen gida ke sa su rame, su daina cin abinci, su kasa barci. Mu Hausawa ba mu taɓa kai wannan abu asibiti ba, mun dai ce kewa, ko bege, ko begen gida, muka bar wa mawaƙa da masu tatsuniya.

A 'yan shekarun nan ra'ayi ya juya. Masu binciken halayyar ɗan Adam a jami'ar Southampton ta Ingila sun daɗe suna nazarin wannan abu, kuma abin da suka gano shi ne yawanci kaɗaici ko damuwa ne ke tayar da bege, shi kuma begen ya rage kaɗaicin, domin abin da mutum ke tunawa kusan kullum mutane ne da suka ƙaunace shi. Wato ba shi ne ciwon ba, ya fi kama da zufar da jiki ke fitarwa idan zafi ya yi yawa. Na ga haka da idona a ɗakin jinya. Tsohon da ya ƙi magana da kowa, idan jikansa ya saka masa Narambaɗa ko Ɗanƙwairo a waya, sai ka ga leɓensa yana motsi, daga nan ya fara ba ka labarin inda ya fara jin waƙar, daga nan ya karɓi kunu.

Akwai kuma abin da ya kamata Baba Alhaji na Jega ya sani, ba don in rage masa gaskiyarsa ba. An lura cewa idan aka tambayi dattawa abin da suka fi tunawa, yawanci yana faɗawa ne tsakanin shekara 10 zuwa 30 na rayuwarsu. Lokacin ne mutum ke yin komai karon farko, gwiwarsa ba ta ciwo, iyayensa suna raye, wani ne ke ɗauke da nauyin gida. Saboda haka idan dattijo ya ce zamaninsu ya fi, wani ɓangare na abin da yake kewa ƙuruciyarsa ce. Ƙwaƙwalwa kuma ba kaset ba ce. Duk lokacin da muka tuna abu, sake gina shi muke yi, muna ƙara wani abu muna rage wani, shi ya sa 'yan uwa biyu kan yi musu a kan abin da suka gani tare.

Shawarata ga ɗan Baba ita ce kada ya ɓoye kaset ɗin. Abin da za a sa wa ido shi ne idan rashin cin abinci da rashin barci suka wuce mako biyu, ko Baba ya daina fita masallaci da majalisa, ko tunanin ya koma zargin kai da maimaita abu ɗaya ba fita. Wannan ya tashi daga bege, ya kamata a ga likita. Amma hawaye a kan muryar uba, ni ban san maganin da ake rubuta masa ba.

Bayauri, Yelwa

Ina gaishe da iyayena da yayyena. Duk wanda ya yi magana a nan, garin da yake bege yana nan, ko da ya canza. Malam Hedimasta yana iya taka ƙafa ya je bakin Matan Fada gobe. Mu namu yana ƙarƙashin ruwa. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, tafkin ya haɗiye tsohuwar Busa da tsibirai da ƙauyukan bakin Kwara masu yawa har zuwa ƙasar Yauri, aka tashi mutum fiye da 40,000 aka zuba su a sababbin matsugunai na siminti. Mahaifina Bagunge ne, a tsibiri aka haife shi, inda suke noman albasa da rani suna ɗebo ruwa da hannu.

Har ya rasu, idan muka shiga jirgi muka kai wani wuri a tsakiyar tafkin, sai ya sa a rage gudu, ya nuna ruwa da sanda ya ce nan ne gidanmu, can ne tsamiyar da ake taro, can kuma kabarin babansa. Muna yara muna dariya a ɓoye, domin ba abin da muke gani sai ruwa. Yanzu da na girma na gane cewa taswirar garinmu ɗaya ce tak ta rage a duniya, kuma a cikin kansa take. Ban rubuta ba, ban ɗauki muryarsa ba, alhali a shekarunsa na ƙarshe ina da waya a aljihu. Yau 'ya'yana Hausa kawai suke ji, harshen kakansu sai gaisuwa. Idan aka ce mini bege ba shi da amfani, sai in ce wanda bai rasa wurin komawa ba ne yake faɗin haka.

Baƙo a Gusau

Ɗan'uwa na Yauri ya taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Yau shekara huɗu ke nan da muka baro ƙauyenmu a ƙasar Maru, muna haya a bayan gari. Ba zan faɗi abin da ya fitar da mu ba, kowa a zauren nan ya sani. Da dare mukan taru mu da muka fito wuri ɗaya, kuma ba abin da muke yi sai lissafin gida: gonar wane ta tsaya a gindin wace ɗorawa, wa ya ba wa aron fadama, ta ina burtali ya bi, wace rijiya ce ba ta ƙafewa. Wani baƙo da ya zauna da mu ya ce muna azabtar da kanmu. Bai gane ba. Gonakinmu ba su da takarda, iyakokinsu itatuwa ne da shaidar dattawa, kuma dattawan suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya a nan cikin birni. Ranar da Allah ya nufa aka koma, daji ya cinye iyakoki, wannan hirar ta dare ita ce za ta hana ɗan'uwa ya ɗaga wa ɗan'uwansa gatari.

Akwai kuma wani abu da nake tilasta wa kaina in faɗa wa yarana, ko da zuciyata ba ta so. Ƙaramin ɗana bai san Bafulatani ba sai a matsayin abin tsoro. Ni kuwa na tashi na ga mahaifina yana roƙon Fulani su sauka a gonarsa bayan girbi, shanu su ci kara su bar taki, ya ba su dawa, matansu su kawo nono su karɓi gero, akwai ma wanda ya raɗa wa ɗansa sunan mahaifina. An yi faɗa a kan ɓarna, ba na musu, amma ana kai shi gaban mai gari da arɗo a biya a wuce. Idan mu da muka ga wannan muka yi shiru, yaran za su ɗauka haka aka halicci duniya.

Jikar Manomi, Talata Mafara

Kawu na Gusau da Yaya na Yauri, kun sa na sake tunani, kuma na janye rabin maganata. Abin da kuke yi ba rariya ba ne, domin kuna faɗin daɗin tare da ɗacin. Sauran rabin kuwa ina nan a kansa, kuma ga shi. Idan aka zauna tuna baya a majalisa, muryar wa ake ji? Ta maza ce, kuma mazan da suka yi fatauci ko aikin gwamnati. Kakata ta san sunayen yunwa kamar yadda ake sanin sunayen sarakuna, tana cewa uwarta ta ba ta labarin Kakalaba ta 1914, ita kuma ta ji ana faɗin 'Yar Gusau. Ta san ganyen da ake ci idan rumbu ya ƙare, ta san waƙoƙin daɓe da na niƙa waɗanda mata ke zuba kukansu a ciki ba tare da miji ya gane ba. Ba wanda ya taɓa ajiye mata rikoda. Ko a kaset ɗin Baba Hedimasta, ina da tabbacin uba ne ya ci rabin zaren, mata suka samu gaisuwa a ƙarshe. Baba, ka saurari ɗaya gefen kuwa?

Ɗan Kasuwa, Jega

Wannan yarinya ba ta sakin magana. To na yarda da abu ɗaya, saboda Malama ta asibiti ta kama ni. Lokacin da nake bin hanyar Gummi da dare shekarata 25, kuma kuɗin lodin na mahaifina ne, in an yi asara shi ke kwana bai yi barci ba. Amma hanyar dai lafiya take, wannan ba ƙuruciyata ce ta ƙirƙiro shi ba, kuma ina so jikokina su san an taɓa yin haka domin kada su yarda da ƙasa da shi.

Tsohon Hedimasta, Argungu

Na gode muku gaba ɗaya. Na yi kwana biyu ban ce komai ba domin ɗiyata ta Mafara ta tura ni aiki. Gaskiya ban saurari ɗaya gefen ba, mai gyara ya ce zaren ya yi rauni, ni kuma na samu abin da nake so a gefen farko. Jiya na koma da ɗana, shi da ya ce in rabu da kaset ɗin, ya riƙe wayarsa kusa da lasifika yana ɗauka, don ko zaren ya tsinke.

Kafin in faɗi abin da na ji, bari in yi wata 'yar ratse da maganar Malam Liman ta tuna mini. Bikin kamun kifi namu ya samo asali ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo Argungu a 1934, bayan dogon zamani na gaba tsakanin Kabi da Sakkwato. Wato bikin kansa tuna sulhu ne. Amma a cikin garin nan, a gidan tarihi na Kanta, wanda fadar sarki ce har 1942, ana ajiye da masu da kibau da kayan yaƙin da aka yi waccan gaba da su. Magabatanmu ba su zubar da ɗaya don su riƙe ɗaya ba. Kuma da bikin ya tsaya kusan shekara 10 kafin a dawo da shi a 2020, ba a littafi aka nemo yadda ake gyaran ruwa da jefa homa ba, a wurin Sarkin Ruwa da tsofaffin masunta aka same shi.

To ga gefe na biyu. Ni a raina shekarar da aka aiko kaset ɗin tana cikin mafi daɗin rayuwata, domin a cikinta na yi aure na sayi babur. Ashe 1984 ce, na gane haka ne da mahaifina ya ambaci canjin kuɗi, yana cewa ya kwana biyu a layin banki kuma wasu takardun sun mutu a hannunsa. Ya ce damina ta yi gardama, ya ce shanun da ya ba kiwo cutar bushiya ta kashe su bara, ya ce sabulu da madara sai an bi layi. Sannan ya yi shiru, ya gyara murya, ya ce in akwai abin da ya rage daga albashi in taimaka, domin ƙanwata tana kwance. A bayansa ana jin tari. Na san tarin. Ba ta kai kaka ba. Shekara 40 ina ba da labarin babur ɗin nan, ban taɓa haɗa shi da wannan roƙo ba, kuma har yanzu da nake rubutu na kasa tuna ko nawa na aika, ko ma na aika.

Malam Liman, na ji gargaɗinka kan "da na sani", ina kuma yaƙi da ita. Ɗana bai ce komai ba a shagon, amma da muka dawo ya tambaye ni sunan gwaggon tasa, wadda bai taɓa sanin an yi ta ba, ya kuma ce gobe Juma'a mu je maƙabarta in nuna masa wajen da nake zato.

Ɗiyata ta Mafara, kin canka. Mahaifiyata ta samu abin da bai fi minti biyu ba a ƙarshe, ta ce in riƙa cin abinci, ta ce ta aiko da ƙuli-ƙuli da busasshen kifi a hannun direba, sai zaren ya ƙare tana tsakiyar magana. Amma kafin ita akwai wata mata da ta karɓi rikodar ta gaishe ni da sunan da ba mai kirana da shi sai 'yan gidanmu, ta yi dariya, ta ce in zo da amarya su gani. Na saurara sau biyar ban gane ta ba. Yayata da ke aure a Kamba ita kaɗai ta rage da za ta iya sani, ɗana ya tura mata muryar ta wayar jikanta tun da safe, muna jira a kai mata idan ta dawo daga gidan suna.